Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗin Kan Ƙasashen Larabawa Wajen Mayar da Ayyukan Gwamnati Kan Intanet

Me ake nufi da gwamnatin intanet, kuma ina ruwan wata ƙasa da ta maƙwabciyarta?

Abin da ake nufi shi ne mutum ya biya buƙatarsa da hukuma ta wayarsa ko kwamfutarsa ba tare da ya je ya yi layi a ofis ba: sabunta fasfo, biyan tarar hanya, rajistar kamfani, karɓar takardar haihuwar ɗa. Kusan kowace ƙasar Larabawa tana da nata yanzu. Saudiyya na da Absher, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na da UAE Pass, Kuwait na da Sahel, Jodan na da Sanad, Katar na da Hukoomi da Metrash, Iraƙi ta buɗe shafin Ur.

Ruwan maƙwabciya kuwa shi ne jama'ar yankin ba a zaune suke wuri guda ba. Miliyoyin Misirawa, 'yan Sudan, Jodan, Labanan da Yaman suna aiki a ƙasashen Tekun Fasha. Kaya na ƙetare iyaka, kuɗi na komawa gida duk ƙarshen wata. Da zarar mutum ya haye iyaka, manhajar da ta san shi ciki da waje a ƙasarsa ba ta da amfani, sai ya koma ɗaukar fayil ɗin takardu. Duk maganar haɗin kan a nan take: shin kwamfutar gwamnatin Masar za ta faɗi abu, ta gwamnatin Kuwait ta yarda?

Su wa ke jan ragamar wannan aiki?

Babu hukuma ɗaya, kuma wannan na cikin matsalar. Uwa ga duka ita ce Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, wadda aka kafa a Alƙahira a 1945, mai mambobi 22. A ƙarƙashinta akwai majalisar ministocin sadarwa, akwai hukumar AICTO ta fasahar sadarwa da ke Tunis, akwai ARADO mai kula da inganta aikin gwamnati, ita ma a Alƙahira.

Sai ESCWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedikwata a Berut. Ba ta da ikon umartar kowa, amma a ganina ita ce ta fi yin aikin da ake iya taɓawa: tana tara daraktocin gwamnatin intanet na ƙasashen su zauna, tana rubuta samfurin dokoki, tana aunawa tana fitar da maki. Ita da Ƙungiyar Larabawa suka kafa dandalin tattauna tafiyar da intanet na Larabawa, wanda ya yi zamansa na farko a Kuwait a 2012.

Na uku shi ne majalisar ƙasashen Tekun Fasha shida, wato GCC, da aka kafa a 1981: Saudiyya, Daular Larabawa, Kuwait, Katar, Baharain da Oman. Ita ce ƙarama, ita ce kuma ta fi yin nisa a wannan aiki.

Akwai wani tsari rubutacce da duka suka amince da shi?

Akwai. Ana kiransa Ajandar Dijital ta Larabawa ta 2023 zuwa 2033. ESCWA da sakatariyar Ƙungiyar Larabawa suka jagoranci rubuta ta, ministocin sadarwa suka amince a farkon 2023, shugabanni suka albarkace ta a taron ƙolin Jidda na watan Mayun shekarar. Ta taɓo hanyoyin sadarwa, dokoki, tattalin arzikin intanet, ayyukan gwamnati da al'adu.

Sai dai mai karatu ya riƙe abu ɗaya. Kundin kafa Ƙungiyar Larabawa na 1945 ya tanadi cewa shawarar da aka yanke da rinjaye tana hawa kan ƙasashen da suka yarda da ita ne kaɗai. An yi wa ƙa'idojin ƙuri'a gyara daga baya, amma ɗabi'ar tana nan: babu kotu ko hukumar da za ta ci tarar ƙasar da ta sa hannu sannan ta yi kwanciyarta. Tarayyar Turai ta yi dokar eIDAS a 2014, wadda ta wajabta wa mambobinta amincewa da shaidar mutum da sa hannunsa na lantarki daga wata ƙasar ƙungiyar. Waccan doka ce. Ajandar Larabawa alƙawari ce tsakanin 'yan'uwa.

Wace ƙasa ce ke gaba, wace ce ke baya?

Duk bayan shekara biyu Majalisar Ɗinkin Duniya na fitar da jerin ƙasashe 193, tana duba abubuwa uku: ingancin ayyukan da ke kan intanet, ƙarfin hanyoyin sadarwa, da ilimin jama'a. A jerin 2024 Saudiyya ta zo ta 6 a duniya, bayan tana ta 31 a 2022. Daular Larabawa ta 11, Baharain ta 18, Oman ta 41, Katar ta 53. Moroko ta 90, Masar ta 95. Somaliya, Yaman da Sudan suna can ƙasan jerin.

Ke nan ƙungiya ɗaya ta haɗa ƙasar da ke gogayya da Denmak, Estoniya da Singafo da ƙasar da ma'aikacin rajista ba shi da tabbacin wutar da zai kunna kwamfuta. Dubai ta ƙaddamar da gwamnatin intanet tun 2001, a Disambar 2021 ta ce ta daina amfani da takarda a hukumominta. Saudiyya ta fara shirin Yesser a 2005, ta kafa hukumar gwamnatin dijital ta musamman a 2021. Rubuta tsari ɗaya da zai dace da waɗannan da kuma Komoros ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa rubutun kan fito da faɗi, kowa ya ga abin da yake so a ciki.

Tunda akwai ma'aunin duniya, me ya sa yankin ya ƙirƙiro nasa?

Saboda na duniya ya fi kallon ko an ɗora aiki a kan intanet, bai cika tambayar ko wani na amfani da shi ba. Ma'aikata na iya buɗe shafi mai kyau, alhali jama'a na ci gaba da tururuwa ofis domin shafin ba ya ƙarasa aiki. ESCWA, da haɗin gwiwar ofishin firaministan Daular Larabawa, ta fara tsara ma'aunin GEMS a 2014, aka yi zagayen farko na awo a 2019. Yana ɗaukar ayyuka sama da 80 da talaka ko ɗan kasuwa ke buƙata, ya tambayi abu uku: aikin na nan kuma ya kammalu? Mutane na amfani da shi kuma sun gamsu? Hukuma ta yi ƙoƙarin sanar da su? Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a 2022, 2023 da 2024.

Wani zai raina wannan, ya ce ai maki ne kawai. Amma a yankin da sarakuna ke son ganin sunan ƙasarsu a sama, maki ya fi yarjejeniya motsa minista. Daraktan da ƙasarsa ta faɗo da mataki goma ya san za a kira shi ya yi bayani. Haka lambobin yabo suke aiki: na gwamnatin intanet na GCC da aka fara a Maskat a 2009, da na nagartar aikin gwamnati na Larabawa da aka ƙaddamar a 2019 ta hannun ARADO da tallafin Dubai. Illar ita ce gasa tana sa kowa ya gyara cikin gidansa, ba ta sa ya huda ƙofa zuwa gidan maƙwabci. Babu makin kirki da ake samu don ka yarda da takardar wani.

To a ina ake ganin haɗin kan da idanu?

A Tekun Fasha. Ɗan ƙasar GCC na shiga sauran biyar da katin shaidarsa mai ƙwaƙwalwa, ba sai da fasfo ba. Wasu daga cikin ƙasashen sun haɗa rumbunan bayanan hukumomin hanya, ta yadda tarar da aka ci direba a wata ƙasa takan biyo shi gida. A Nuwambar 2023 ministocin cikin gida suka amince a Maskat da bizar yawon buɗe ido guda ga ƙasashen shida, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jinkiri.

A dubi gadar Sarki Fahad, mai tsawon kilomita 25, wadda ta haɗa Saudiyya da Baharain tun 1986. Da yammacin Alhamis motoci kan yi jerin gwano a kanta. A lokacin korona kowace ƙasa na da manhajarta ta shaidar riga-kafi, Tawakkalna a gefen Saudiyya, BeAware a gefen Baharain. Direba ya miƙa waya, jami'i ya ga koren allo, amma ba shi da hanyar tabbatar da cewa ba hoto ba ne aka ɗauka. A 2021 hukumomin biyu suka sa hannu don manhajojin su riƙa tabbatar wa juna bayani kai tsaye. Ba wani babban taron ƙoli ne ya haifi wannan ba, cunkoso ne. Haka aka gani a gasar cin kofin duniya ta 2022: katin Hayya da Katar ta bai wa masu zuwa kallo ya zama hanyar samun bizar Saudiyya ta intanet kyauta, ƙasa da shekara biyu bayan Saudiyya da Katar sun sasanta rikicin da ke tsakaninsu.

Amma a lura: tafiya da katin shaida gata ce ta 'yan ƙasa. A Katar da Daular Larabawa kusan tara cikin goma na mazauna baƙi ne, kuma su ne suka fi shan wahalar takardu.

Batun tura kuɗi da fiton kaya fa?

Nan ma an taɓuka. Asusun Lamuni na Larabawa da ke Abu Dhabi ya ƙaddamar da Buna a 2020, hanyar da bankunan yankin ke tura wa juna kuɗi da dirhamin Daular Larabawa, riyal ɗin Saudiyya, fam ɗin Masar, dinarin Jodan, dala da yuro, ba sai kowace hada-hada ta zagaya ta bankin Landan ko Niyok ba. GCC na da nata, AFAQ, wanda Saudiyya da Baharain suka fara amfani da shi a ƙarshen 2020. Hanyoyi biyu ga aiki kusan ɗaya, wannan ma ya nuna halin yankin.

A kwastam kowa ya gina tagarsa guda ta shigar da takardun kaya: Fasah a Saudiyya, Nafeza a Masar, PortNet a Moroko, TradeNet a Tunisiya. Tun Oktoban 2021 Masar ta wajabta aiko da bayanan kaya ta intanet kafin jirgi ya taso zuwa tashoshinta na ruwa. Haɗa tagogin da juna shi ne bai yi nisa ba, kuma cinikin da Larabawa ke yi tsakaninsu bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na cinikinsu da duniya ba, duk da yankin ciniki marar haraji da ya kankama a 2005.

Idan na yi karatu ko aure a wata ƙasar Larabawa, wata za ta karɓi takardata ta intanet?

Galibi a'a, kuma a nan ne ake gane inda aka kwana. Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta gama karatu a wata ƙasa ta samu aiki a wata. Takardar shaidarta za ta fara zuwa makarantar a buga hatimi, sai ma'aikatar ilimi mai zurfi, sai ma'aikatar harkokin waje, sai ofishin jakadancin ƙasar da za ta je, wani lokaci har da ofishin kula da al'adu. Ta sauka, a sake kai ta ma'aikatar harkokin wajen can, sannan hukumar lafiya ta ba wani kamfani kwangilar tuntuɓar makarantar ya tabbatar. Bayan takardar ya cika da hatimi da kan sarki har babu wurin sa yatsa. Abin dariyar shi ne yanzu kusan kowane mataki ana iya kama layinsa da biyan kuɗinsa ta manhaja. An mayar da layin kan intanet, ba a soke shi ba.

Oman, Baharain, Moroko, Tunisiya da Saudiyya sun shiga yarjejeniyar Hague da ta rage wannan zuwa hatimi ɗaya, Saudiyya a ƙarshen 2022. Wannan kuwa yarjejeniyar duniya ce, ba ta Larabawa ba. AICTO na ƙoƙarin haɗa hukumomin da ke tabbatar da sa hannun lantarki na ƙasashen Larabawa da na Afirka a cibiya guda, domin wanda aka yi a Tunis ya karɓu a wani wuri. Hanyar daidai ce, tafiyar ce a hankali.

Ashe harshe ɗaya bai sauƙaƙa musu ba?

Ya sauƙaƙa wani abu. A Mayun 2010 Masar, Saudiyya da Daular Larabawa ne suka fara samun adireshin intanet na ƙasa da harufan da ba na boko ba a duk duniya, bayan shekaru ana gwaji tare. Jami'an ƙasashe 22 na iya zama su yi muhawara babu tafinta.

Kwamfuta dai ba ta jin zumunci. A Aljeriya, Moroko da Tunisiya fayiloli da yawa na hukuma da Faransanci suke, a Tekun Fasha Turanci ne na biyu. Suna ɗaya na iya fitowa da harufan boko iri uku a fasfo uku. Wata ƙasa na rubuta suna huɗu a jere, na mutum, uba, kaka da dangi, wata biyu kacal. Takardun Saudiyya da dama na ɗauke da kwanan watan Hijira. Hatta ranakun hutu sun saɓa: Saudiyya Juma'a da Asabar, Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke cinye watannin injiniyoyi.

Mene ne babban abin da ke hana ruwa gudu: kuɗi ko fasaha?

Yarda. Haɗa rumbun bayanai biyu na nufin ka bar wata gwamnati ta leƙa bayanan 'yan ƙasarka. Daga Yunin 2017 zuwa sulhun Al-Ula a Janairun 2021, Saudiyya, Daular Larabawa, Baharain da Masar sun yanke hulɗa da Katar. Iyakar Aljeriya da Moroko a rufe take tun 1994, suka kuma katse hulɗar jakadanci a Agustan 2021. Wanda ba ka bari jirginsa ya ratsa samaniyarka ba za ka ba shi mabuɗin rajistar jama'arka ba.

Sai dokokin kare bayanan mutane, waɗanda kowa ya yi nasa a lokacinsa: Tunisiya 2004, Moroko 2009, Katar 2016, Baharain da Aljeriya 2018, Masar 2020, Saudiyya da Daular Larabawa 2021, Oman 2022, Jodan 2023. Kowace na da sharuɗɗanta kan fitar da bayanai waje. Ga kuma ja ta ɓangare biyu: goma daga cikin mambobi 22 a Afirka suke, suna da alƙawura da Tarayyar Afirka. Amincewar Muritaniya a hukumance ce ma ta cika adadin da ya sa yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar kan tsaron intanet ta fara aiki a 2023.

Ƙasashen da ke fama da yaƙi fa, ina suka tsaya?

A wajensu tambayar ita ce ko rajistar ma za ta tsira. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, manyan cibiyoyin bayanai na gwamnati da na kamfanonin waya a Khartum suke, a tsakiyar wuta. Buga fasfo ya tsaya har sai da aka kafa wata masana'anta a Port Sudan. Mutane da yawa, har da Hausawan can, da manhajar banki ta Bankak suka rayu, 'yan'uwa na turo musu kuɗi daga waje, sai ga shi a Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. A Yaman, harin sama a Hudaida a Janairun 2022 ya kashe intanet na kwana huɗu.

Da a ce ni ake tambaya, a nan ya kamata haɗin kan ya fi nuna kansa: ƙasa mai zaman lafiya ta ajiye wa 'yar'uwarta kwafin rajistar haihuwa, filaye da sakamakon jarrabawa. Estoniya ta ajiye nata a Luksambag. Baharain ta yi doka a 2018 da ke barin bayanan wata ƙasa da aka ajiye a cibiyoyinta su ci gaba da zama ƙarƙashin dokar masu su. Kayan aikin na nan.

Wannan duk ba hanyar sa wa jama'a ido ba ce?

Tsoron na da tushe. Ɓangaren da gwamnatocin suka fi saurin haɗa kai a kai shi ne tsaro: yarjejeniyar yaƙi da laifukan fasahar sadarwa tun Disambar 2010 aka sa mata hannu a Alƙahira, kuma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun soki faɗin kalmominta. Majalisar ministocin tsaron intanet ta Larabawa, mai mazauni a Riyad, ta yi zamanta na farko a Disambar 2024. Barazanar ta gaske ce, kutsen da aka yi wa Aramco, kamfanin man Saudiyya, a 2012 ya lalata kwamfutoci kusan 30,000.

A ɗaya gefen, a Yunin 2020 Amnesty ta sa manhajojin korona na Baharain da Kuwait cikin mafiya kutsawa sirrin mutane. A 2019 an yi ta sukar Absher domin ta nan maza ke ba matan da ke ƙarƙashinsu izinin tafiya, kafin Saudiyya ta sauya doka a Agustan shekarar ta ba matar da ta kai shekara 21 damar yin fasfo da kanta. Iraƙi, Aljeriya da Siriya kuwa sun sha kashe intanet a lokacin jarrabawar sakandare, tare da duk ayyukan gwamnatin da ke kai.

Masu hali suna taimaka wa marasa hali?

Suna yi, amma ɗaiɗai, ba ta ƙofar ƙungiya ba. Tun 2018 Daular Larabawa ke da shirin musayar gogewar aikin gwamnati, ta fara da Masar da Jodan: horar da ma'aikata, tsara cibiyoyin hidima, kafa lambar yabo. Sau da yawa ma malamin daga nesa yake zuwa. Tsarin bayar da kwangila ta intanet na Tunisiya, TUNEPS, da taimakon Koriya ta Kudu aka gina shi.

Wannan ya shafi ɗan Najeriya, Nijar ko Gana ta wace fuska?

Ta fuska biyu. Ta farko hukuma ce: a Nuwambar 2020 Saudiyya, Baharain, Jodan, Kuwait da Pakistan suka kafa ƙungiyar haɗin kan dijital ta DCO a Riyad. Najeriya ta shiga a 2021, Gana ma ta bi sahu. Kasancewar Riyad ta nemi abokai har Abuja da Islamabad maimakon ta tsaya ga mambobi 22 ya nuna yadda take kallon saurin tsohuwar ƙungiyar.

Ta biyu ita ce wadda kowane alhaji ya sani. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa, kuma tun Hajjin 2024 katin Nusuk ya zama dole ga mai shiga wuraren ibada. Hukumomin alhazai na ƙasashenmu ta shafin Saudiyya suke kama masauki da tantuna da fitar da biza, wanda ya makara aka rufe shafin ya rasa gurbi. Akwai kuma shirin Hanyar Makka, inda jami'an Saudiyya ke zuwa filin jirgin ƙasar maniyyaci su ɗauki hoton yatsunsa su kammala masa shiga tun kafin ya tashi, kayansa su wuce masauki kai tsaye. Maleshiya da Indonesiya aka fara da su, Moroko ta shiga a 2022, Kodebuwa a 2023. Irin wannan shiri na buƙatar rumbunan bayanan ƙasashen biyu su iya magana da juna.